Falle Bakwai Daga Littafin Marina

Ranar Laraba da hantsi aka kawo wa Sufeto Abdulbaƙi ƙarar da bai taɓa jin irinta ba a shekara goma sha tara da ya yi yana sa kaki. Takarda aka sace, falle bakwai.

Mai ƙarar wani dattijo ne daga Limancin Kona a birnin Zariya, Malam Nasidi. Ya zauna a bencin caji ofis.

"Littafin kakan kakana ne, Sufeto, a kan sana'ar rini. Mutum uku daga wata cibiyar bincike da ke bayan Kufena suka roƙe ni su yi nazarinsa. 'Yan'uwana suka ce kada in yarda, na yarda. Yau na buɗe, babu babin ƙarshe."

"Wa kake zargi?"

"Ni ba na zargin kowa. Amma mutanen gidanmu sun ce Dokta Stella ce, 'yar Wusasa, tunda ita ce baƙuwa a cikinmu. Jibi za su kai ƙararta cibiyar don a kore ta."

Sufeto ya sha ganin hukuncin da ake yankewa a tsakar gida, kuma bai taɓa ganin ya tsaya neman shaida ba.

Suka tafi gidan Malam tare. Ɗakin littattafan yana jikin zaure, makullinsa a rataye a ƙusa duk yini. Littafin ba ɗinkakke ba ne. Fallaye ne a jere cikin gafakar fata mai dogon maɗauri, da wuri guda, irin kuɗin dā, a bakin maɗaurin. Hoto kuwa babu, don sharaɗin gidan shi ne a karanta, kada a ɗauka.

"Yaya ka same shi da safe?"

"Kamar kullum. Zagaye uku ta dama, a soke wurin a ƙarƙashi. Haka muke ɗaurewa a gidan nan. Babanmu har ranƙwashi yake yi a kan wannan."

"Dokta Stella haka take ɗaurewa?"

Malam ya yi murmushin farko tun safe. "Ita? Ƙulli take yi kamar mai ɗaure buhun masara. Kullum sai na kwance na sake."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi.

A cibiyar ya fara da Dokta Rilwanu, masanin sinadarai, wanda ke gwada tawadar littafin da haɗin baban rini da tokar da aka bayyana a ciki.

"Ban taɓa buɗe shi ni kaɗai ba," in ji Rilwanu, tun kafin a tambaye shi.

Sufeto ya ɗauki wata 'yar kwalba a kan teburin ya ɗaga ta a haske. A ciki akwai ɗan guntun tsohuwar takarda, bai kai farce ba.

"Wannan fa, da ƙafarsa ya zo?"

Rilwanu ya rage murya. "Ranar Litinin na yanka a gefe, inda babu rubutu. Kada Malam ya ji, don Allah. Amma a babin ƙarshen na yanka, ka ga ranar yana nan. In faɗa kake nema, ka tambayi Stella da Dokta Zaharaddini. Na ji su suna ɗaga murya."

Dokta Stella masaniyar tarihi ce, shekara shida tana bin tarihin marinar Zariya. Idonta ya nuna ta ji abin da ake faɗa a kanta.

"Ba mu yi faɗa ba," ta ce.

"Dokta, jibi za a kore ki. Wa kike rufa wa asiri?"

Sai ta fayyace masa.

"Zaharaddini ya wallafa maƙala a kan yadda marina ke tafiyar da ma'aikata, da ita yake neman zama farfesa. Ya kawo wata doguwar magana ya ce daga littafin Malam ya ciro. Sau huɗu na karanta littafin, maganar ba ta ciki. Na ce masa ya janye da kansa kafin kwamitin tantancewa ya zo duba littafin ranar Litinin mai zuwa. Na yi masa alkawarin zan yi shiru zuwa lokacin."

"Kina da shaidar ba ta ciki?"

"Littafin ne shaidata. Yanzu kuma ya yi giɓi."

Nan Sufeto ya fara jin ƙanshin abin. In dai littafin ya yi giɓi, duk maganar da mutum ya ƙirƙira zai iya cewa a giɓin take.

Dokta Zaharaddini, malamin harkokin kasuwanci, ya tarbe shi da fara'a har da lemo. Farar shadda, turare, magana a tsanake.

"Abin takaici ne, Sufeto. Ni na fi kowa asara, don maganar da na kawo a maƙalata tana cikin babin da ya ɓata. Wanda ya ɗauke so yake ya ƙaryata ni."

"Jiya ina ka yini?"

"Samaru, tun safe har magariba. Rabona da gidan Malam sati uku."

"Ka san yadda ake ɗaure gafakar?"

"Ina zan sani? Malam ne ke buɗewa, shi ke rufewa."

Yana magana yana haɗa kayansa. Ya zare wayar cajin kwamfutarsa, ya naɗe ta a hannu ba tare da ya duba ba. Zagaye uku ta dama, ya soke kan a ƙarƙashi.

Sufeto ya shanye lemonsa, ya yi godiya.

Ya koma Limancin Kona bayan azahar.

"Malam, Zaharaddini ya taɓa karatu a gidan nan?"

"Ai ɗan gida ne. Mahaifiyarsa 'yar ƙanen babanmu ce. A zauren nan ya yi sauka."

"Ɗan gidan nan in yana so ya rabu da takarda mai sunan Allah, yaya yake yi? Yagawa ko jefarwa?"

Malam ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Haba, Sufeto. Akwai alkuki a bangon masallacinmu, can sama kusa da rufi. Duk takardar da ta tsufa nan muke sa ta, ba mai taɓawa."

Aka kawo tsani. Sufeto ya hau da kansa, ƙura na shiga masa hanci. A saman tarin rubabbun takardu ya tarar da farin hankici, tas, an naɗe wani abu a ciki, yana ƙanshin turaren da ya shaƙa ɗazu a wurin Zaharaddini. Ladanin masallacin kuma ya ce jiya Dokta Zaharaddini ya yi azahar a nan, kowa ya fita ya bar shi.

Da la'asar aka kawo Zaharaddini zauren. Dattawan gidan suna zaune a jere, Stella tana tsaye daga bakin ƙofa, ba wanda ya ce mata ta zauna.

Sufeto ya buɗe hankicin a kan buzu. Falle bakwai.

"Dokta, ga babinka. Nuna mana maganar."

Zaharaddini bai miƙa hannu ba. Duk tsanakin nan ya zube.

"Ba ta ciki," ya ce a hankali. "Ni na tsara ta. Shekara tara ina jiran kujerar nan. Na san 'yan gida za su ce Stella ce, na bar su."

"Da ka ƙona su, da wuya in kama ka."

"Na sayi ashana. Sau biyu na ƙyasta." Ya dubi fallayen. "Bisimilla ce a layin farko, da rubutun kakanmu."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma tausayin bai hana shi yi wa kofur ɗin da ya zo da shi alama ba. Aka fita da shi ta gaban dattawan, kowannensu ya sunkuyar da kai.

Malam Nasidi ya mayar da fallayen mazauninsu, ya rufe gafakar, amma bai ɗaure ba. Ya matsa gefe a kan tabarma.

"Dokta Stella, shigo ki zauna," ya ce. "Kawo hannunki. Zagaye uku ne, ta dama."