Haƙorin Kaset

Da fushinta Khairiyya ta fara ganin Jamilu. Mai Keke Napep ɗin da ya ɗauko ta daga Mabera ya cusa su su huɗu a baya, wata mata ta ɗora mata buhun albasa a ƙafa, sannan ya sauke su tun kafin a shiga Tudun Wada, wai mai ya ƙare. Ga rana, ga rediyon babanta mai kaset rungume a ƙirji kamar goyo ya dawo gaba.

Duk mai gyaran da ta nuna wa sai ya yi dariya. Wani har cewa ya yi ta kai gidan tarihi. Da ƙyar aka kwatanta mata wani ɗan shago a lungu, inda ake gyaran waya a gaba, bango kuma cike da tsofaffin kaset-kaset.

Saurayin da ke ciki ya miƙe, ya karɓi rediyon da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban tahi Makka ba tukuna," in ji Khairiyya, tana karkaɗe ɓawon albasa daga takalminta.

"Ba da ke nike ba," ya ce, yana shafa rediyon. "Da wagga tsohuwa nike. Mi ka damun ki, tsohuwa?"

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata.

Tsohuwa dai kaset ta tauna. Jamilu ya zaro shi a hankali, ya zura biro a raminsa yana naɗe zaren, har da ɗan fito da harshe kamar mai saka zare a allura. A gefen kaset ɗin akwai wani ɗan salatif da ya tsufa har ya zama ruwan ƙasa. Khairiyya ta kalli salatif ɗin, ta kalli hannun mai naɗin, daga nan kuma ta manta da salatif.

Wannan kaset shi ne ran Alhaji Malami, mahaifinta, mai sayar da atamfa a kasuwa. A zamanin samartakarsu, saurayi kan sayi wani kati da ake kira katin zaɓe, ya rubuta sunan wadda yake so ya kai gidan rediyo, a karanta gaisuwarsa duniya na ji, a sa musu waƙa. Ranar da aka karanto nasa, "Malami Mai Atamfa, Ɗan Gaye na Tudun Wada, yana gaida Hajjo, ya ce ko ana ha-maza ha-mata sai ita," ya yi wuf ya ɗauka a kaset. Hajjon nan ita ce mahaifiyar Khairiyya. Tun daga lokacin, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kunna, iyali kowa ya zauna ya ji, ko yana so ko ba ya so. Da waƙar ta ƙare kuma sai ya kashe da sauri, kamar mai tsoron kada wuta ta cinye kuɗin mita.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Khairiyya:

"Salam. Jamilu na, mai jinyar tsohuwa. Robarta ta mutu, sai an nemo wata. Ki riƙa zuwa dubiya, marar lahiya na son ganin dangi."

Cajarta irin wadda sai an lanƙwasa wuyanta an danne da kofi ce take kawo wuta. Haka ta durƙusa a gindin soket ta rubuta:

"Allah shi ba ta lahiya. Shi Likita hwa, lahiyarshi lau?"

"Da sauƙi. Zazzaɓi na, tun sa'adda wata mai albasa ta shigo shagona."

Robar rediyo ba ta da wuyar samu haka, kowa ya sani. Amma aka yi ta nema, ana ta zuwa dubiya. Ya sa mata suna Gefen A, wai shi ne Gefen B, kaset ɗaya ne ba a raba su. Ita kuma ta bar shi a Likita. Netwok ɗin unguwarsu kan riƙe saƙo sai ya ga dama, har wata rana "Ni ma haka" ɗinta ya isa kafin ya aiko abin da za a ce wa ni ma haka. Sonsa dai ya kama ta sosai. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga bakinsa: maganar aure. Da ya ɗauko ta sai ya ɓuge da tarihin batir.

Ranar Juma'ar da tsohuwa ta dawo gida, Alhaji Malami ya sa aka shimfiɗa babbar tabarma, ya gayyato amininsa Bawa mai hatsi. Hajjo na gefe tana tsinke zogale. Alhaji ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna.

Maimakon muryar mai gabatarwa, sai aka ji ƙarar janareta, sannan wata murya da Khairiyya ta sani ko cikin barci.

"Haba tsohuwa, ci ba aiki! Haƙora dut sun zube amma ba ki bar tauna ba. Yi magana mana."

Hajjo ta ajiye zogale, ta taɓa bakinta.

"To ƙi, ni bari in yi tawa." Aka yi gyaran murya. "Khairiyya, tun randa kinka shigo da albasa ga takalminki… a'a, wanga bai yi ba. Khairiyya, ina son ki, so na aure. In Baba ya yarda, ko gobe. Kai Jamilu, raggo! Ga rediyo ka iya hwaɗi, gabanta ko sai tarihin batir."

Ƙit! Sai wutsiyar waƙar da ta rage ta shigo. Gaisuwar Ɗan Gaye na Tudun Wada ta tafi, ba ko harafi.

Bawa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Khairiyya kuwa ta rasa inda za ta sa kanta: ga daɗin abin da ta daɗe tana jira, ga fuskar babanta. Ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Ya goge mani ƙuruciyata," in ji Alhaji a hankali. Sai kuma murya ta tashi. "Kuma ya zagi uwar ɗiyana! In dai ni na haihe ki, yaron ga ba shi taka ƙohwar gidan ga!"

"Baba, da rediyo shikai…"

"Rediyo na da haƙora?"

A ɗaki ta durƙusa gindin soket, hawaye na ɗiga a kan kofin.

"Likita, ka kashe mu. Ka goge kaset ɗin Baba, kuma kowa ya ji abin da kac ce."

Amsa ta zo a guje, yau netwok ya ga abin gulma:

"Innalillahi! Maɓallin kunnawa da na ɗaukar magana sun manne, na ɗauka sifika ta ta mutu. Bayan na gyara da wani kaset nig gwada, don kar in wahal da na Baba. Gefen A, ki gahwarce ni. Amma abin da kinka ji, ban janye ko ɗaya ba. Ban da na haƙora."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kife wayar.

Jamilu ya zo ban haƙuri, ya turo kawunsa, ya turo limamin unguwarsu. Alhaji ya ce ya yafe don Allah, amma ɗiya kam a'a. Don ma a san da gaske yake, ya buɗe wa Zulkifilu ƙofa, ɗan wani abokin kasuwancinsa, mai shagon wayoyi, ga ƙamshin turare a jikinsa kamar an fasa kwalba. Zulkifilu ya zo gaisuwa da kyautar sifikar zamani, wadda da an kunna ta wata Baturiya ke fara surutu.

"Wacece wagga ka magana cikin gidana ba sallama?" in ji Alhaji. Ya dubi Zulkifilu sama da ƙasa. "Kai yaro, ka ko san katin zaɓe?"

"Ƙwarai, Baba!" Zulkifilu ya zaro walat, ya miƙa katinsa na jefa ƙuri'a, har da hoto.

Alhaji ya juya katin gaba da baya, ya mayar masa, ya ce ya gaida gida. Duk da haka bai sauko ba. Juma'a ta zo ta wuce ba a shimfiɗa tabarma ba. Khairiyya ta rame, Alhaji ya rage cin tuwo, gidan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo.

Hajjo ce ta gaji. Wata Juma'a da la'asar ta shimfiɗa tabarmar da kanta, ta ɗauko rediyon da kaset, ta ce wa Khairiyya ta zauna.

"Alhaji, tambaya gare ni. Kaset in an ɓalle mashi haƙorin ga na gehe, ana iya ɗaukar magana bisa nai?"

"Ba a iyawa," ya ce, yana kallon wani wuri.

"Sai an yi mi?"

Alhaji ya ƙara kawar da kai.

"Sai an liƙe ramin da salatif," ta amsa wa kanta. Ta ɗaga kaset ɗin, ta nuna ɗan salatif ɗin nan mai ruwan ƙasa. "To wanga, yaron ga ya liƙa shi? Ko ko tun ba a haihe shi ba shike nan?"

Alhaji ya fara laluben carbinsa.

Hajjo ta juyo wajen ɗiyarta. "Kaset ɗin ga na kakanki na, babana. Ya tahi Makka ya daɗe, ya ɗauko muna saƙo da bakinai, ya ɓalle haƙorin don kar wani shi goge, ya aiko shago. Sa'annan babanki shi na yaron shagonai. An ba shi shi kawo gida, sai ga rediyo ta hwara karanta katinai, ba shi da kaset ko ɗaya. Ɗan Gaye ya yagi salatif." Ta kaɗa kai. "Har ya dawo ba mu san mi tsohon nan yac ce a yi da raƙumar da ya bari ba."

Dariya ta kuɓuce wa Khairiyya, ta toshe baki da mayafi.

"Da babana ya dawo, sanda ya ɗauka," in ji Hajjo. "Anka kunna mashi, ya ji, ya aje sandar. Yac ce wanda so ya sa ya yi wagga wauta, ba shi iya cutar ɗiyatai."

"Hajjo," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa, "gaisuwarki ta hwa ta tahi."

"Tahi ina? Malami Mai Atamfa, Ɗan Gaye na Tudun Wada, yana gaida Hajjo, ya ce ko ana ha-maza ha-mata sai ita. Na hardace ta kamar karatun allo. Kai dai yau kar ka kashe. Bar shi shi kai ƙarshe."

Ta danna. Jamilu ya sake zagin tsohuwa, ya sake neman aure, wutsiyar waƙa ta wuce. Hannun Alhaji ya tafi wajen maɓalli don sabo, Hajjo ta riƙe shi. Zaren ya yi ta shuuu, sannan wata murya ta dattijo ta fito, can nesa, tana rawa:

"…to shi ke nan. Ku yi haƙuri da juna. Allah shi yi maku albarka."

Khairiyya ba ta taɓa jin muryar kakanta ba, ya rasu tun ba a haife ta ba. Ashe abin da babanta ke gudu ke nan duk Juma'a, kunya ce ba kuɗin mita ba.

"In ka tahi kasuwa nan nika kunnawa," in ji Hajjo, tana share ido da bakin zane. "Shi ɗai ya rage mani, kuma yaron ga bai taɓa shi ba."

Alhaji ya ajiye carbinsa. Can ya jawo hularsa ya rufe rabin fuska.

"Ki ce ma raggon nan shi turo magabatanai. Kuma shi zo shi ba uwarki haƙuri kan haƙora, ko da rediyo shikai."

Khairiyya ta ruga ɗaki, ta yi karo da kofin, cajar ta zare, wayar ta mutu. Sai da ta ari ta maƙwabciya ta rubuta:

"Likita, tsohuwa ta warke. Baba ya ce a turo."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Mabera. Zulkifilu ma ya zo, sifikarsa ce ta yi wa 'yan mata kiɗa, Baturiyar na tsoma baki lokaci-lokaci. Da za a kai amarya, Alhaji Malami ya kira ango da amarya zaure. Ya ɗauko kaset ɗin, ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin da ya liƙa tun yana saurayi, ya damƙa wa Khairiyya kaset da rediyon gaba ɗaya.

"Ni nawa ya goge, na ango ya hau, na kakanku na nan ƙarshe. Ba mai ƙara ɗaukar komi bisa nai." Ya harari Jamilu. "In Allah ya ba ku ɗiya, ka ɓoye salatif."

"In sha Allahu, Baba," in ji Jamilu, kansa a ƙasa.

"To ni Juma'a hwa?" in ji Hajjo daga bakin ƙofa. "Ina za ni ji babana?"

"Gidansu za mu," Alhaji ya ce. "Dut Juma'a. Su shimhiɗa tabarma."

Haka kuwa aka yi. Juma'ar farko Khairiyya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta na Tudun Wada. Jamilu ya toshe kunnuwa don kada ya ji kansa, Hajjo ta karanto gaisuwarta da ka a daidai inda take a da, Alhaji ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Ba wanda ya taɓa maɓalli har dattijon ya gama sa musu albarka, su huɗu suka amsa da amin.