Hannun da Ke Jikin Fitila

Ranar da Walid ya fara ganin Yusra, durƙushe yake gaban wata tsohuwar mota a bakin Kasuwar Kwastam, hannunsa duk kumfa. Sana'arsa ke nan tun da ya baro Kano ya biyo yayansa Maiduguri: gilashin fitilar da ya tsufa ya yi yana, ya koma rawaya kamar haƙorin mai cin goro, shi yake kankarewa ya dawo da shi garau.

Ƙamshin turaren wuta ya fara ji kafin ya ɗaga kai. Da ya ɗaga, sai sanfefar da yake kankare gilashin da ita ta suɓuce masa cikin bokiti. Budurwa ce doguwa cikin lafaya ruwan toka, idanunta manya, amma irin na wanda ya jima bai yi barci mai daɗi ba.

"Wushe, malam," ta gaishe shi da Barbarci. "Kai ne mai wanke wa mota ido?"

"Ni ne likitan, ranki ya daɗe. Ina majinyaciyar?"

Ta ɗan murmusa. "Tana gida. Ba ta fita."

"Inji ne ya buga?"

"Lafiyarta lau. Ba ta fita ne kawai."

Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ina! Walid tuni ya kwashi kayan aiki ya tare Keke Napep.

Gidan yana can cikin Yerwa, wato ƙwaryar Maiduguri, tsohon gini mai faffaɗar tsakar gida. Motar tana ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyinta sun lotsa cikin yashi, amma jikinta fes, ko ganye ɗaya babu. Ta fuskanci ƙofar gida sak. Ba kaza, ba kukan yaro, shiru kawai. Walid ya ji tsikar jikinsa ta tashi, bai san dalili ba.

"Fitilar dama kaɗai za ka yi," in ji Yusra. "Na gwada makilin, bai yi ba. Ka yi sauri kafin Hajja ta dawo daga unguwa."

Ya jiƙa gilashin, ya bi shi da sanfefa mai kaushi, ruwa rawaya yana gangarowa. Ya koma mai laushi, sannan ya shafa man goge ya murje da tsumma har fuskarsa ta fito a ciki. Yusra ta tafa hannu kamar ƙaramar yarinya, shi kuwa daɗi ya ɗebe shi, ya ce bari ya yi mata gyara da ta hagun. Ya watsa ruwa.

Sai hannu ya fito.

Tafin hannun babban mutum ne, shimfiɗe a tsakiyar gilashin, ya fi sauran yanar duhu. Yatsu huɗu. Babu ƙaramin.

"Kai! Ɗauke hannunka daga nan!"

Wata dattijuwa ce tsaye a bakin ƙofa, siririya, carbi a hannunta. Hajja Rakiya ke nan, mahaifiyar Yusra. Ba ta sake ɗaga murya ba, ƙofa kawai ta nuna masa. Walid ya fita da sauri har ya manta bokitinsa.

Bayan la'asar saƙon Yusra ya shigo wayarsa, don lambarsa tana rubuce a jikin bokitin.

"Likita, ka yi haƙuri. Motar babana ce, Alhaji Abakar, dillalin shanu. Shekarun da hanya ba ta da tabbas ya fita, aka tsinci motar bayan garin Dusuman, ƙofa a buɗe, fitilu a kunne da rana tsaka. Shi ba a gan shi ba har yau. Igiyar bijimi ce ta cire masa ƙaramin yatsa tun yana saurayi. Kullum da magariba Hajja tana kunna masa fitilun don ya gane gida."

Ya rubuta mata: "Allah ya bayyana shi. Amma hannu mai man birki yana cin irin wannan gilashin, ya bar shaida. Wataƙila ya taɓa dafawa ne."

"Ni nake wanke motar, Likita. Shekarar farko babu hannun nan."

Ranar Walid bai iya cin abincin dare ba.

Washegari ya koma ɗaukar bokiti. Bokitin nan kuwa ya sha ɗauka! Yau ya manta soso, gobe tsumma, jibi ya zo duba ko gilashin dama yana nan lafiya. A zaure suke tsayawa, ita ta jingina da bango tana wasa da bakin lafaya, shi yana zuba kamar rediyo. Ya gane tana dariya da dukkan fuskarta idan ta manta da kanta. Ita kuma ta gane duk cika bakinsa matsoraci ne, don bai taɓa yarda ya juya wa motar baya ba.

"Fitilata," ya ce mata wata rana, "ni fa na kamu. Ina sonki, kuma ba da wasa na zo ba."

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma haka, Likita. Shi ya sa nake jin tausayinka."

Bai fahimci maganar ba sai da ya tura yayansa wajen Baba Ajimi, ƙanin mahaifinta. Tsohon ya karɓe su hannu biyu, ya ce shi a shirye yake ya ba da auren ko gobe. Amma da aka je wa Hajja Rakiya, kai ta girgiza.

"Yarinya da ubanta a raye, wani zai ba da aurenta? Ku jira ya dawo."

"Rakiya," in ji Baba Ajimi a hankali, "malamai sun yi mana bayani tuntuni kan hukuncin wanda ya ɓata."

"Malaman sun ga gawarsa? Yana hanya. Ga hannunsa can ya dafa, yana cewa ku jira ni. Duk wanda ya ɗaura mata aure a bayan idonsa, ban yafe ba."

Yusra kuwa ba za ta shiga ɗakin miji da wannan kalmar a kanta ba, ko da za ta tsufa a gida. Manema nawa suka zo suka gaji suka tafi.

Akwai dai wanda bai gaji ba: Zayyad, ɗan ƙawar Hajja, mai shagon kayan gyaran mota. Wata ranar Juma'a Walid ya shawo kwanar layin, sai ya hango shi yana shiga gidan da katon kwali a kafaɗa, Yusra tana riƙe masa ƙofa. Sababbin fitilu ne dal, hotonsu a jikin kwalin. Walid ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Shi da yake fama da sanfefa, ina shi ina mai kawo sabo? Ya juya gida ya kashe waya yana ta cika yana batsewa.

Da ya kunna bayan 'yan kwanaki, saƙonta yana jiransa.

"Na ga ƙeyarka, sarkin fushi. Zayyad cewa ya yi zai cire tsofaffin ya jefar, wai camfi ne. Yana ɗora sifana Hajja ta bi shi da muciya har titi. Amma tun ranar ba ta da lafiya. Fitilar hagu ta kusa daina haske, ta ce da ido ɗaya ba zai gane ƙofa ba. Ta daina cin abinci. Ina tsoro, Walid."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa. Ya saka takalmi.

Ya tarar da Hajja kwance kan tabarma a gindin darbejiya, kusa da tayar motar, ta rame sai ido. Ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta.

"Hajja, ki ba ni izini in wanke ta hagun. Ba zan taɓa hannun Baba ba. Kewaye shi zan yi."

Ta ɗago kai ta dube shi. "In ka kankare ko da bakin farcensa fa?"

"To kada in sake taka ƙofar gidan nan."

Yusra ta dafe ƙirji daga bakin ɗakin girki. Hajja ta lumshe ido, ta ce, "Bismillah."

Ya yayyanka salatif ƙanana, ya bi hannun da su, yatsa bayan yatsa, har ya rufe shi ruf. A nan ne ya ji abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa daga baya. Motar a inuwa take, gilashin sanyi ƙalau, amma daidai tafin nan da ɗumi, irin ɗumin hannun wanda kuka gama gaisawa yanzu. Wallahi saura ƙiris ya zura da gudu. Sai ya dubi Yusra, ya karanta abin da ya sawwaƙa a ransa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ka yi haƙuri, aiki zan yi."

Bai taɓa aiki a hankali irin na ranar ba. Tsakanin yatsun, da kan ɗan yatsansa ya riƙa bi, yana ɗiga ruwa, yana share gumi da kafaɗa. Tsuntsayen da ke kan bishiyar ma sun yi tsit. Yana ɓare salatif na ƙarshe ana kiran magariba. Hannun yana nan cif, gilashin da ke kewaye da shi kuwa kamar ruwan randa.

Bayan an idar da salla, Yusra ta tallafi mahaifiyarta ta zaunar da ita a kujerar direba, Hajja ta murɗa makunnin.

Haske ya cika tsakar gidan, irin wanda ba su gani ba shekara da shekaru. A jikin ƙofar ƙarfen kuwa, a tsakiyar hasken, ga inuwar hannu nan, ƙato, a ɗage, tafi a buɗe, yatsu huɗu. Ko iska ce ta kaɗa reshe, ko idon Walid ne, oho, amma ya rantse ya ga ya motsa sau ɗaya, daga dama zuwa hagu.

Hajja ta fito daga motar da kanta, ta taka har gaban ƙofar, ta tsaya.

"Haka yake yi," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "In zai fita, sai ya ziro hannu ta taga ya ɗaga mini haka. In ya dawo kuwa, hon yake yi tun daga kan kwana, bai taɓa ɗaga hannu ba." Ta juyo, hawaye yana bin kumatunta. "Yusra, ashe ba jira yake cewa in yi ba. Sallama yake mini. Duk shekarun nan sallama yake, ni ce ban gani ba."

Yusra ta rungume ta, suka durƙushe tare a yashi suna kuka. Walid ya juya musu baya yana goge ido da tsumman aiki, ya bar wa kansa baƙin mai a fuska.

Da kukan ya lafa, Hajja ta ce, "Kai, ɗan Kano. Je ka kira mini Ajimi."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, Baba Ajimi ya ba da ita. An sha wushe-wushe, bikin daren Barebari na yi wa ango maraba, dangin ango sun zo daga Kano suna ta santin turaren wuta. Zayyad ma ya zo, ya ci shinkafa, amma ya zauna nesa da ɗakin girki.

Da safen ranar kai amarya saƙo ya shigo wa ango: "Likita, Hajja ta ce a motar Baba za a kawo ni. A sa mata iska, a duba birki. Kada ka ji tsoro, ina ciki."

Ya amsa: "Ni da tsoro? Fitilata, ko a bayanta aka ce in kwana zan kwana. Amma dai yayana ne zai tuƙa."

Da magariba aka fito da amarya, an lulluɓe ta, ƙawaye suna guɗa. Aka buɗe ƙofar gidan gaba ɗaya. Hajja Rakiya ta ce a dakata, ita za ta kunna fitilun. Ta murɗa.

Haske ya miƙe har ƙarshen layi, fari tas, babu inuwar komai. Walid, da ya kasa haƙurin jira a gida ya laɓe cikin abokai, ya matso ya durƙusa gaban fitilar hagu. Ya shafa. Sanyi ƙalau, sumul, ko alamar yatsa ɗaya babu. Ya dubi Hajja.

"Hajja, wallahi ban taɓa ba."

"Na sani, ɗana. Tun asuba na duba."

Ta leƙa ta taga, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a kan nasa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya haskaka muku hanya duk inda kuka nufa."

Aka amsa da amin. Injin ya tashi, tayoyin suka fita daga ramin da suka yi wa kansu a yashi, motar ta ratsa ƙofar a hankali. Hajja ta tsaya a inda take, ta ɗaga hannu, tafi a buɗe, har suka sha kwana.

Sannan ta faɗi abin da bakinta ya ƙi faɗa tun ranar da aka kawo motar nan babu kowa a ciki.

"Allah ya jiƙanka, Abakar."

Ta ja ƙofa ta rufe, ta ce a zubo mata tuwo.