Yarinyar da Ta Raba Ƙwarya da Innarta

A garin Dogarawa an yi wata yarinya 'yar aji huɗu a lakwal. Kullum ta taso, sai ta tarar Innarta ta dama fura. Su zauna a inuwar rumbu, ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya. Inna ta sha, ta miƙa mata.

Bayan girbi, wani ƙullutu ya fito wa Inna a ƙirji. Baba ya kai ta asibiti a Konni. Likita ya duba, ya ce ciwon daji ne. Sai an yi mata aiki a Yamai.

"Amma ba yanzu ba," in ji likita. "Ta rame da yawa. Ta koma gida ta ci abinci sosai. In ta ƙara kilo uku, sai a ba ku takardar tafiya."

Gida duka ya shiga shiri. Ranar kasuwa Baba ya sayo hanta. Maƙwabta suna aiko da ƙwan zabi. Inna tana ɗinke zannuwan da za ta tafi da su, tana koya wa ɗiyarta tuƙa tuwo. Duk Alhamis a je wurin majo Ayuba, mai ba da magani a garin, ya ɗora ta a sikeli. Mako biyu, kilo ɗaya ya ƙaru.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Da sannu ake cika rumbu."

Wata rana a lakwal, ƙawarta Zara ta ja ta gefe.

"Ke, har yanzu ludayi ɗaya kuke sha da Innarki? Kakata ta ce ana ɗaukar daji, kamar ƙyanda."

Yarinyar ta yarda da maganar. Ba ta tambayi kowa ba. Da ta koma gida, sai ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo.

"Inna, zuba mini tawa a nan."

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Ba komi."

Inna ta dube ta, ta zuba. Yarinyar ta koma bakin madafa ta sha ita kaɗai. Da aka kwashe tuwo ma haka ta yi. Washegari ma haka.

Inna ba ta hana ta ba. Amma sai ta yi ludayi biyu, ta rufe ƙwarya da faifai. Hantar da Baba ya sayo ta huce a kwano.

Ranar Alhamis babu lakwal, sai yarinyar ta raka su wurin majo. Inna ta hau sikeli. Majo ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"Hindu, ina kilon da muka samu? Kin kai shi kasuwa?" Ya juya wajen Baba. "Ko kai ne, Tanimun, kake cinye hantar a hanya?"

Ba wanda ya yi dariya. Majo ya ajiye alƙalami.

"In haka ta ci gaba, ba zan iya rubuta takarda ba. Ciwon nan kuwa ba ya jiran mutum."

Inna ta sunkuyar da kai. "Majo, abincin ne ba ya wucewa. Ban saba ci ni kaɗai ba."

Nan take yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi abin da Zara ta gaya mata, da zancen ƙoƙo, ba ta rage komi ba.

Majo ya kira ta kusa. "Shekara goma sha biyu ina taɓa masu wannan ciwo da hannuna. Dube ni da kyau. Kin ga alamar ciwo, in ban da wannan tumbi? Tari da ƙyanda su ake ɗauka. Daji ba ya bin ludayi, ba ya bin numfashi. Mi ya hana ki zo ki tambaya?"

Yarinyar ta durƙusa gaban Inna. "Inna, ki gafarce ni."

"Tashi, ɗiyata," in ji Inna. "Ni ma ban sani ba. Shi ya sa ban hana ki ba. Cewa na yi, in dai gaskiya ne, gara in rame da in sa miki ciwo."

Ran nan da suka isa gida, yarinyar da kanta ta dama furar. Ta zauna daf da Inna.

"Bisimilla. Ke biyu, ni ɗaya. Kuma ina ƙirgawa!"

"Yau na samu jandarma mai gadina a gida," in ji Inna, tana dariya.

Mako biyar aka yi ana haka, sannan majo ya rubuta takarda. Baba da Inna suka shiga mota sai Yamai. Aka yi aiki lafiya. Kafin ruwan farko ya sauka, Allah ya dawo da Inna ɗakinta da ƙafafunta.

Yara, ba duk abin da kuka ji ne gaskiya ba. In magana ta ba ku tsoro, ku tambayi wanda ya sani. Kada kuma ku guje wa marar lafiya, don zama kusa da shi ma magani ne.