Darbejiya a Cikin Zogale

A kasuwar Kurmi Mikail ya fara ganin Nana Hauwa, tsaye gaban rumfar maganin gargajiya ta mahaifinsa, da ƙaramin sikeli a hannu. Kowa da gwangwani ake auna masa, ita kuwa ta ce garin zogale take so, kilo biyu cif. Ya tambaye ta ko duk gidansu ne jini ya yi ƙasa. Ta harare shi, ta ce na kaji ne.

Ɗalibar kimiyyar dabbobi ce, a shekarar ƙarshe. A bayan gidansu da ke Shahuci ta raba kajin broila sittin gida uku: wasu abinci zalla, wasu da zogale kaɗan, wasu da ɗan fiye da haka. Duk Asabar take auna nauyinsu, kuma wannan binciken ne zai fitar da ita daga makaranta.

Mikail ya zama mai kai zogale har gida, ko ba a aike shi ba. Kafin kaji su yi sati biyu ya koma kiranta Nanata, ita kuma ta daina hararar.

Wata rana ta ce masa kajin sun ɗan yi mura. A gidan su Mikail mai magani ba ya faɗin haɗinsa, kuma ba ya sallamar wanda yake ƙauna ba gyara. Sai ya zuba garin darbejiya hannu uku a cikin zogalen, ya yi shiru, yana jin ya yi abin kirki.

Ɗaci ya hana kajin ci. Suka rame, bakwai suka mutu. Da Nana Hauwa ta ɗanɗana garin a harshenta, sai ta zauna a ƙasan kejin ta yi kuka. Malaminta ya ce binciken ya lalace, sai baɗi. Mahaifinta, Malam Isyaku, wanda da ma bai so maganar mai saiwoyi ba, ya ce kada ya sake ganin ƙafar Mikail a zaure.

Ta tura masa saƙo: "Ba mutuwar kajin ce ta fi yi min ciwo ba, Mikail. Ka ɗauki aikina wasa, ka yanke hukunci a kansa ba ka tambaye ni ba. Kada ka kira ni."

Ya amsa: "Nanata, mu haka muka iya so, mu ƙara mu yi shiru. Na cuce ki. Allah ya ba ki haƙuri."

Ba ta mayar ba. A waya ta kalli hotunan ƙawayenta cikin rigar kammalawa. Wani likitan dabbobi, Saminu, ya fara zuwa zance, Malam Isyaku na ta yaba shi, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Tana fushi da Mikail, tana kewarsa, abin duk ya haɗe mata.

Da ta sake zuba kaji, zogalen kasuwa ya zo mata da ƙasa da baƙon ganye. Sai wata safiya mahaifiyarta, Uwani, ta shigo da leda daga zaure. A jikinta an rubuta: "Zogale zalla, an busar a inuwa. Ban sa komai ba." Sati shida ledar na zuwa daga Gwammaja, unguwar su Mikail, mai kawo ta bai taɓa neman a fito ba.

Kajin zogalen suka yi ɓul-ɓul, suka fi sauran nauyi, ta ci jarrabawarta. Uwani ta sa baki, Malam Isyaku ya aika a kira Mikail.

"Shekarar da ka cinye mata, za ka iya mayar da ita?"

"Ba zan iya ba, Baba."

Tsohon ya jira ya ji uzuri, bai ji ba. Sai ya ce masa ya turo manyansa.

Bayan Ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da aka zo tafiya da amarya, ta ce wa Mikail ta yafe, amma shekarar nan har yanzu tana mata ciwo.

"Idan ta motsa ki faɗa min," in ji Mikail. "Ni ma na daina yin shiru."

Uwani ta dafa kawunansu, ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya.