Bugu Uku a Tambur ɗin Baya

Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, Ghissa makanike ya rasa abin yi, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar mota kat-san-kat ta mahaifinsa, wadda ta shekara ashirin a tsakar gida awaki na shan inuwarta. Ghissa kuwa mutum ne mai gaggawa, ko shayi ba ya bari ya huce.

Ran nan da rana ta yi ja, ya ɗaga motar da kirik, ya cire tayar baya. Tambur ɗin birki ya ƙi fita. Matarsa Intala ta leƙo daga madafa.

"Baban Siddiƙa, magariba ta kawo kai. Ba a dukan ƙarfe yanzu. Ka ma yi wa masu wurin sallama?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga marto, gudumarsa ta aiki, ba bisimilla, ya maka wa tambur sau uku. Tambur ya faɗo. Cikinsa fes, ba tsatsa, ga ɗumi kamar shimfiɗar da aka tashi daga kai.

Gidan ya yi tsit. Can dutse ya faɗo kan kwano, wani ya biyo. Notuna suka tashi daga ƙasa suna farfasa tukwane, ɗaya ya tsaga goshin Intala. A ɗaki 'yarsu Siddiƙa ta kurma ihu. Suka tarar ƙafarta ta karye, babu wanda ya taɓa ta. Washegari daidai wannan lokaci, a gaban idonsu, haƙarƙarinta ya ɓalle. Tsoro ya kama Ghissa, don ya iya ƙirge: bugu uku ya yi, saura ɗaya.

Rana ta uku, tun la'asar, Malam Zayyadu mai ruƙiyya ya zauna a kanta yana karatu. Yarinyar ta sandare, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Shekara ashirin ina cikin ƙarfen nan, ko akuyarku ban taɓa ba. Jikana na barci aka buge shi: ƙafa, haƙarƙari, kai. Na rama biyu."

"A yanka miki rago ki fita," in ji Malam.

"Rago ne ya bugi jikana?"

"Yarinyar ma ba ta riƙe marto ba. Ki ji tsoron Allah."

Sai muryar tsohuwar ta ce:

"To a ba ni hannun da ya riƙe. Kafin ladan ya buɗe baki."

Ghissa ya dubi hannunsa na dama, wanda ya ciyar da gidan shekara talatin. Ya dubi kan 'yarsa. Ya fita tsakar gida, ya shimfiɗa hannun a kan tambur, ya ɗauki marto da hagu.

"Bismillahi," ya ce, ya sauke da dukkan ƙarfinsa.

Ladan ya ɗaga murya. Siddiƙa ta yi atishawa, ta ce, "Baba?" da muryarta.

Har yau motar na kan kirik. Siddiƙa na ɗingisawa ta kawo wa Ghissa shayi. Yakan karɓa da hagu, ya ajiye, ya jira ya huce.