Gahawar Mutanen Karak

"Maisun, rufe wannan abin, Baba ya jiƙa shimfiɗa."

Suha ce, matar yayana Hazim, tsaye a bakin ƙofa tana hura jan farcen da ta shafa. Ni kuwa ina tsakiyar aji, malama ta kira sunana kenan, kowa yana jira in yi magana.

"Don Allah Suha, bari in amsa tambayar nan..."

"Ubana ne ko naki?"

Na kashe kyamara, na rufe kwamfutar, na tashi.

Haka rayuwata take tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, ta kashe masa hannun dama, ta ɗauke masa magana. Mama ta riga mu gidan gaskiya tuntuni. Da safe ina ƙasa a shagonmu na kunafa, wani kayan zaƙi mai cuku, ina fama da wuta da cuku, da rana ina sama ina ba Baba abinci a baki. Duk faɗin garinmu Zarƙa, iyakata matakalar da ke tsakanin shago da ɗakinsa.

Karatun dokar kasuwanci da nake yi a kwalejin al'umma ma, Yaya Hazim bai yarda ba sai da ya ji ta intanet ake yi, ba sai na taka ko'ina ba.

Bai san ta nan Wa'il zai shigo ba.

Malama ce ta haɗa mu shari'ar gwaji a kan motar tumatir da ta ruɓe a hanya, ni lauyar mai saye, shi lauyan mai mota. Na yi masa kaca-kaca a gaban aji. Ana tashi ya turo saƙo.

"'Yar Zarƙa, ba ki da tausayi ne? Motocin kaya fa sana'ar gidanmu ce a Karak, kin tona mana asiri."

"To ku daina ruɓar wa mutane da tumatir."

"Zan daina, in za ki riƙa duba mini aikin gida."

Daga aikin gida muka zarce. Shi kaɗai ne a duniya yake tambayata ko na ci abinci. Na so shi, so mai tsanani, irin wanda ke sa mutum ya ƙona faranti guda na kunafa yana murmushi.

Ranar da mahaifiyarsa ta zo ganina, Yaya ya ce ma'aikaci bai zo ba, in riƙe shago. Suha ce ta karɓe ta. Kafin in hau sama baƙuwa ta tafi, sai dunƙulen busasshen nono na Karak da ta bari a kan tebur.

Daga ranar Wa'il ya yi ɗif. A aji sunansa kawai nake gani a kan baƙin allo. Sai da malama ta sake jefa mu rukuni ɗaya na kama shi.

"Kunna kyamararka."

Ya kunna. Ya rame.

"Me na yi maka, Wa'il?"

"Ba ki yi komai ba, rayuwata. Alwashinki ne, ban isa in sa ki karya shi ba."

"Wane alwashi?"

"An gaya wa Umma kin rantse ba za ki yi aure ba muddin Baba yana numfashi."

Ashe abin da Suha ta dafa kenan! Ta san in na tafi, shimfiɗar Baba da cokalinsa a kanta za su dawo.

"Ban rantse ba," na ce. "Ƙarya ce. Amma..."

"Amma me?"

"Wa zan bar wa shi, Wa'il? Ni kaɗai na san yadda yake son a juya shi."

"Kina sona?"

Sai hawaye suka zubo mini.

"Ya isa, hasken idona. Ranar Juma'a dattawanmu suna tafe."

Da Yaya ya ji, sai da ya jefar da ludayin ruwan sukari.

"Dattawa kuma? Ba a gama magana ba za su kwaso jiki? To su zo. Ba na korar baƙo, amma ba su isa su sa ni dole ba. Yaron da kika tsinta a kwamfuta!"

Ranar Juma'ar, bayan la'asar suka cika falonmu, manyan Karak da alkyabbunsu da rawunansu ja da fari. An yi wa Baba wanka, an sa masa sabuwar riga, an ajiye shi a keken guragunsa a kusurwa kamar tukunyar fure. Ni ina bayan ƙofar kicin, ina leƙe ta 'yar kafa.

Yaya ya zuba gahawa ya miƙa wa babbansu, Abu Fawwaz, baffan Wa'il. Tsohon ya karɓa, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba.

"Ba za mu sha gahawarku ba, sai kun biya mana buƙatar da ta kawo mu. Muna nema wa ɗanmu Wa'il 'yarku Maisun."

A nan ne mai gida ke cewa ku sha gahawarku, kun samu. Yaya ya gyara zama.

"Kun girmama mu, Baffa. Amma kun ga halin da mahaifinmu yake ciki. Ba ya magana, ni ne bakinsa. Ku ba mu lokaci."

"Lokaci kamar yaya, ɗana?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Tururin da ke tashi daga kofin ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Na san in suka miƙe suka bar kofin nan cike, ba mutumin Karak da zai sake taka ƙofarmu. Wa'il ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya fara tattara gefen alkyabbarsa.

Suha ta raɗa mini, "Ki yi haƙuri, ba rabonki ba ne."

Mace ba ta magana a irin wannan zama. Na san da haka sarai, na tura ƙofar.

"Baffa Abu Fawwaz, a gafarce ni..."

"Maisun, koma ciki," in ji Yaya, haƙoransa a cije.

"Yaya, Baba bakinsa ne ya mutu, hankalinsa yana nan. A karatunmu an koya mana yarda ba sai da baki ba, ana yin ta da nuni, in dai kowa ya gane. Shi ne waliyyina. Ku tambaye shi. In ya ce in zauna, wallahi na zauna, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ban san me Baba zai zaɓa ba, kuma in ya riƙe ni ba zan ga laifinsa ba. Ni ce hannunsa, ni ce ƙafarsa.

Abu Fawwaz ya dube ni, ya dubi Yaya. Sai ya ja teburin da kansa har gaban keken Baba.

"Abu Hazim, mun yi kuskure, mun tsallake mai gida. Ga gahawarka nan ta huce. Me ka ce?"

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga hannun hagunsa mai lafiya ya nufi kofin, ya tsaya. Baba bai taɓa miƙa wa baƙo gahawa da hagu ba, kuma ba yau zai fara ba.

Ya mayar da hagun kan cinyarsa, ya cicciɓo mataccen hannun damansa da shi, ya ɗora a kan tebur. Gumi ya keto masa. A hankali ya riƙa tura yatsun, yatsun suna tura kofin, gahawa tana zuba a gefe, har ya kai gaban tsohon.

Abu Fawwaz ya ɗauka, ya shanye sanyayyen abin da ya rage.

"Ban taɓa shan mai daɗinta ba. A karanta Fatiha."

Ana shafawa na ruga na durƙusa a gaban keken, na manta da baƙi, na manta da Wa'il da ke share ido da gefen rawaninsa.

"Babana... Karak fa da nisa. Wa zai riƙa ba ka abinci? Wa zai juya ka?"

Ya shafa kaina. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Sai ya miƙa yatsa, a gaban dattawan Karak kaf, ya nuna Yaya Hazim.