Ƙullin da Sha'aban Ya Yi Mini

Bayan la'asar Sha'aban ya zo ya ce mu shiga tafki. Wai ya ga giwan ruwa na tarwatsa ƙananan kifi a lungun da ruwa ya shanye ƙauyen kakanninmu, lokacin da aka gina madatsar Aswan. Ɗan kawuna ne. Tare muka tashi, tare muka sayi jirgin.

Fatsarmu ta gashin tsuntsu ce. Igiyarta doguwa ce mai kauri, da hannu ake janyo ta, tana taruwa a gindin mai jifa. In ta harɗe, ko kifi ya tafi ko sandar fatsa ta karye. Shi ya sa muke share gaban jirgi tas, mu shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul, mu ajiye bokiti igiyar ta riƙa zuba ciki. Kuma ba a tsayawa da takalmi, don tafin ƙafa ne ke gaya maka ka taka igiya.

Ran nan ban ga bokiti ba.

"Ya fashe," in ji Sha'aban. "Yau ni ne bokitinka, Dahab. Kai dai jefa, ni zan tattara maka."

"Bokiti mai surutu, ga ci kamar gara," na ce.

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Da na sunkuya zan cire dogon takalmin roba, sai ya riƙe mini hannu. Wai ƙugiyoyi sun zube masa a jirgin, kada in taka. Na bar su a ƙafata.

Rana ta yi ja muka isa. Ya kashe inji. Duwatsu baƙi ƙirin ta kowane gefe, ba tsuntsu, ba iska. Sai na ji ƙamshin kofi da citta, da na gurasa mai zafi. A wurin da ba gida ko ɗaya.

"Kai ma ka ji?" na tambaye shi a hankali.

"Jefa kawai."

Na jefa. Ina janyowa, shi yana tsugune a bayana yana tattara igiya. Bakinsa na motsi.

Daga nan na ji daka. Dum. Dum. Kamar mace na dakan kofi a turmi. Ba daga tudu ba. Daga ƙarƙashin jirgin, har katako na amsawa.

Igiyar ta tsaya cak.

Na san jan kifi. Kifi fizga yake. Wannan a hankali yake ja, hannu bayan hannu, kamar mai ɗiban ruwa a rijiya.

Na saki sanda. Igiya ta zarce, sai na ji ta shaƙe mini idon sawu ta kan takalmi. Na duba ƙasa.

Ba harɗewa ta yi ba. Ƙulli ne. Irin wanda Sha'aban ke ɗaure jirgi da shi.

"Sha'aban, wuƙa!"

Tana hannunsa. Ina kallo ya miƙa hannun waje, ya sake ta cikin ruwa.

"Ka yafe ni," ya ce. "Ranar da na ari sandarka, nan na zo ni kaɗai. Ƙugiyar ta kama 'yar mutanen ƙarƙashin ruwan nan a kumatu. Tun ranar, duk magariba suna tsaye a ƙofata, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Suka ce sandar wa ce."

"Ka ce tawa?"

"Ina da 'ya'ya, Dahab."

"Ni fa?"

Ya kau da kai.

Aka fizge ni. Na faɗa ruwa, na cafki bakin jirgi da hannu biyu. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Na leƙa ƙasa.

Gida ne. Ƙofa a buɗe, fitila na ci a ciki. Wata tsohuwa na tsaye a bakin ƙofar tana naɗe igiyata a hannu. Gefenta yarinya, ƙugiya mai jan gashin tsuntsun da na ɗaura da hannuna tana maƙale a kumatunta.

Ba sa ƙifta ido.

Sai na ji ana ɓamɓare mini yatsu.

Sha'aban ne. Yana kuka. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaga su.

Hannun dama ya kuɓuce.

Na kira sunan Allah, na tokari takalmin da ɗaya ƙafar. Bai fita ba. Na sake. Ya zame, ya yi ƙasa da ƙullin.

Ban san yadda na hau jirgi ba. Dakan ya tsaya. Shiru.

Sai wata murya ta taso daga ruwan, mai taushi, kamar uwa na kiran ɗanta ya zo ya ci abinci.

"Sha'aban."

Ashe sun san hannun da ya jefa ƙugiyar da ta kama 'yarsu.

Ni na tuƙo mu gida. Yana kwance a tsakiyar jirgi, ya toshe kunnuwa.

Na bar masa jirgin, amma bai ƙara hawa ba. Matarsa ta ce ko randa ba ya iya leƙawa, sai an zuba masa ruwa a moɗa ya sha ido a rufe. Ban faɗa wa dangi komai ba, saboda 'ya'yan nan da ya zaɓa a kaina ba su yi mini laifi ba.

Muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Yakan yi mini sallama, in amsa, don amsawa wajibi ce. Hannu ne dai ban ƙara ba shi ba.